Gonar Bakin Titi

Haladu ya buga takardar ciniki a gaban dillali har hularsa ta karkace. An sallama, an karɓi kafin alƙalami, shaidu sun shafa fatiha. Yanzu kuma a ce mai gona ta fasa?

Shekarunsa da yawa a Fatakwal yana tuƙa tankar mai, bai taɓa aiko ko gaisuwa gida ba. Da ya dawo ma a Kazaure ya sauka. Ya rantse ba zai taka rugarsu ta bayan Roni ba sai ya mallaki abin nunawa. Gonar nan ta bakin sabon titin Gwiwa ita ce abin nunawar.

Dillali Sama'ilu ya ce tsohuwa ce, da kuɗin nono ta sayi gonar, kuɗin mota take nema ta tura a nemo mata wani a Kudu. Yana gaya mata sunan mai saye ta maido kuɗin.

"Raina ni ta yi," in ji Haladu. Ya kai ƙara.

Ranar shari'a tana bayan zana wajen mata, lulluɓe, masinja ke kai maganarta. Da aka kira sunan mai ƙara, ya hango ta ta kafar zanar, ta juya fuska bango. Ya ce a ransa, ga rashin gaskiya nan.

Alƙali ya tambayi dalilin fasawa. Masinja ya dawo ya ce wai gonar tana da mai ita. Wane ne? Alƙali ya ce ta faɗi suna kawai a rushe cinikin. Masinja ya je ya dawo, ya ce ta sunkuyar da kai.

Aka ba Haladu gona. Haladun ya ƙara da cewa a ja mata kunne, tsufa ba hujjar cin amana ba ne.

A waje wata dattijuwa da ta rako ta ta tare shi. Bai gane ta ba sai da ta yi magana: Goggo Ma'u ce, ƙanwar babansa.

"Ka ci shari'a, Haladu. Innarka ce. Cewa ta yi ba za ta sayar maka da abin da ta ajiye maka ba. A gaban alƙali kake so ta fara kama sunan ɗanta na fari?"