Safar Koyon Sana'a

Tun da aka kawo safar hannu ta koyon sana'a, ɗalibanmu suka daina kuskure. Yaro zai zura hannu, safar ta riƙe masa zarto, ta yanka katako daidai.

Ranar da aka tara mu malamai a wani shagon kafinta a Gusau don horo, Rakiya ce mai koyarwa, ɗalibata ta dā.

"Malam Ɗahiru, aikinku ɗaya ne," in ji ta. "Kada yaro ya cire safar. Malamin da ya bari, ya rasa ajinsa."

Na tuna mahaifina yana shafa katako da tafin hannu, yana dariyar kujerata ta farko mai gurguwar ƙafa. Mun yi shekaru muna zama a kanta.

"To, in safar ta lalace fa, 'yata?"

"Haba Malam, har yanzu kana nan da tambayoyinka!"

Da aka kawo abinci, Rakiya ta cire safar da ke hannunta. Ta daɗe tana kallon tuwon, yatsunta a miƙe suna jiran a motsa su.

Na gutsuro loma a hankali, yadda za ta gani.