Jitar Inuwa

Kullum bayan la'asar Inuwa yakan shimfiɗa buzu a ƙofar gidansu da ke Ƙofar Gayan, ya goge jitar da tsumma mai tsabta, tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, har shida. Ja ce, ta lantarki, ga nauyi. Ba ya yarda kowa ya taɓa ta.

Gidansu gidan kiɗa ne. Kakansa garaya ya kaɗa wa mafarauta, ubansa kukuma, shi ma ya fara suna kafin ya shiga soja. Da aka gama yaƙin basasa ya dawo da hannuwansa da ƙafafunsa, aka ce ya yi sa'a. Ya ɗauki garayar kakansa ya ajiye. Ya ɗauki kukuma ya ajiye. Babu wadda ta ce masa komai. Shekara huɗu yana ɗinkin hula, ana ta biki ba a kiransa, mutane kuma na cewa soja ya sa masa girman kai, don sai a yi masa sallama ya wuce abinsa. Abu ɗaya yake so a duniya, a sake ce masa makaɗi.

A ƙarshen daminar 1974 ya kai wa Malam Harold hula a Wusasa. Malamin makaranta ne, zai koma Jos, yana rabuwa da kayansa. Ya rataya wa Inuwa jitar, ya jona ta da wani baƙin akwatin lasifika. Inuwa ya ja tsirkiya mafi kauri. Rawarta ta ratsa katakon, ta shiga haƙarƙarinsa, ta sauka har cibiya. Ya ɗora tafinsa a kan akwatin, ya ji yana karkarwa kamar rago a hannun mahauci. Ya ga ƴan makaranta sun cika taga. Ya bar wa Harold kekensa, ya dawo birni a ƙasa da akwatin a ka. Harold ya daidaita masa tsirkiyoyin ya gargaɗe shi kada ya murɗa komai, bai kuwa taɓa murɗawa ba.

Sai dai gidansu babu wuta. A layin nan Mustapha ne kaɗai ya ja lantarki, saboda injin niƙansa, kuma katanga ɗaya ce tsakaninsu. Mustapha taubashinsa ne, ɗan ƙanwar ubansa, wanda al'ada ta ba damar ya tsokane shi ko a gaban surukai, kuma ba a fushi. Ya tsaya daidai gabansa ya ce, a hankali, "Kawo akwatin, soja. A kan soro zan ɗora maka shi, har Ƙofar Kibo su ji ka." Suka ƙara tsawon wayar, suka zura ta cikin rariyar katanga.

Ranar farko mutum goma suka tsaya. Kafin mako ya zagayo, hanya ta toshe. Mustapha ya naɗa kansa sanƙira, yakan tsaya a bayan Inuwa yana ɗaga hannu yana ta kirari, mutane na riƙe ciki, har da masu share hawaye. Dillalan hatsi sukan rufe rumfa da wuri don kada su rasa wuri. Inuwa kuwa yakan lumshe ido, ya matse jitar a ƙirjinsa, yatsunsa na bin hanyoyin da suka koya a wuyan garaya. Ya sa mata suna Amarya. Da sanyi yakan lulluɓe ta da bargonsa na soja.

Matarsa Asama'u ce kaɗai ba ta murna. Sau uku tana jan hannun rigarsa, ido jawur, tana nuna katanga. Shi kuwa idan ba ya son magana sai ya kau da fuska, shi ke nan magana ta ƙare. Ya ɗauka kishi take yi da Amarya.

Wata bakwai aka yi haka. Ran nan Mustapha ya gaya masa wani attajiri ya aiko, yana so ya yi kiɗa a bikin ɗansa. Inuwa ya ba da rigarsa wanki, ya ziyarci kabarin ubansa.

Ana saura kwana biyu bikin, yana tsakiyar kiɗa, hadarin farko na shekara ya haɗo daga gabas. Ya ga walƙiya. Mutane suka watse, Mustapha ya ruga ya rufe injinsa. Sai Inuwa ya tuna akwatinsa na kan soro ba rufi. Ya miƙa wa Asama'u jitar, ya naɗe buzun ya shiga gidan taubashinsa da gudu.

Ya nufi matakalar soro, amma wayar ba can ta nufa ba. Daga rariya ta bi gindin katanga, ta kewaye murhu, ta ƙare a turken akuya, an yi mata ƙulli biyu. Yanar gizo-gizo ta rufe ƙullin. Ƙarfen bakin wayar ya yi tsatsa, akuya ta tauna robar tun tuni. Akwatin yana ƙarƙashin rumbu, an ɓalle bayansa, kaza na kwanci a ciki.

Ya daɗe a tsugune, ruwa na dukan bayansa. Da ya ɗago, ya ga Mustapha a ƙofar ɗakin injin, yana dariya har yana dafa bango.

"Haba soja, ai wasa ne."

Inuwa ya karanta maganar a leɓensa, kamar yadda yake karanta ta kowa tun ranar da igwa ta fashe kusa da shi a bakin daga, ta tafi da jinsa gaba ɗaya.