Hoton Inna Amarya Cikin Mamata

Inna Amarya ta buga taɓarya a kan teburin Lawal, mai haɗa shafukan intanet a unguwar Gangaren Tudu.

"Kai ne kake cika baki a Keffi wai kowane harafi da hannunka kake rubutawa, ko? To, hannun nan ne ya sa hotona cikin mamata a shafin ƙungiyar matan kasuwa. Miƙo shi nan."

Lawal ya cusa hannayensa ƙarƙashin cinya. Ƙofa ɗaya ce, ita kuma ta tare ta.

"Inna, ki yi wa Allah. Wallahi ba rubutawa nake ba. Manhaja ce, jawo hoto ake yi a ajiye. Kuskure ne."

"Tun yaushe kake aiki da ita?"

"Shekara uku," ya ce.

Ta waiwaya. "Hamdiya, kin ɗauka?"

Sai ga 'yarta a bayanta riƙe da waya, tana ɗaukar bidiyo. Ita ce Lawal ya kora daga aiki makon jiya a gaban jama'a, wai ta taɓa wannan manhajar da yake kira ta ragwaye.

Inna Amarya ta ce, "Hotona yana cikin masu rai, maƙaryaci. Ko dubawa ba ka yi ba."