Hoton Ƙafar Inno

Malam Bishir ya ɗaga hotunan ƙashi biyu ya haska su da rana a ƙofar wani asibitin kuɗi na Kankiya. Likita ta yi tafiya, sai Alhamis. Alhamis ɗin nan kuwa ita ce ranar tseren 'yan mata a Katsina, inda wadda ta zo ta ɗaya za a ɗauki nauyin karatunta har jami'a.

Marasa lafiya biyu ya ɗauko daga Kusada. Inno, mahaifiyarsa, ta zame a bakin rijiya ta bugu a ƙwauri. Sai 'yarsa ta fari, takwarar Inno, wadda ake kira Ƙarama. Ita kuma sati uku ke nan ƙwaurinta na zogi in ta yi gudu. Wajen yankar kati da aka tambayi sunan tsohuwa, bakinsa ya yi nauyi, wa zai kama sunan uwarsa a bainar jama'a? Yarinyar ce ta amsa: Saudatu Sodangi, su duka biyun.

Mai ɗaukar hoto ya ce shi ba ya fassara. To, sai me? Bishir shekara ashirin yana malamin wasanni, ya ga karaya iri-iri. Hoto ɗaya ƙashi fari tas, da kauri kamar taɓarya. Ɗayan dishi-dishi, ga wata tsaga siririya ta ratsa shi. Wannan ai na tsohuwa ne, in ji shi a ransa.

Ya yi ajiyar zuciya, sannan kunya ta kama shi, don murna ya yi alhali ƙafar uwarsa ce ta tsage.

Ba a ga laifinsa sosai ba. Shekara uku yana gina yarinyar nan. Daga sallar asuba sai hanyar garin Ƙofa, yana bisa babur da agogo a wuya, tana gudu a gabansa. La'asar sakaliya a sake. Ya hana ta fura da nono, ya rage mata tuwo, wai nauyi ke kashe gudu. Ta rame ta zama kamar sillen kara, amma fa iska ce, duk Kusada da Kankiya babu mai kamo ta.

Uwarta Kubura ba ta cewa uffan, kunyar 'yar fari. Inno ce kawai ta taɓa tare shi bayan ƙaramar salla.

"Bishir, takwarata azumi talatin ta kai bana. Ko ɗaya ba ta sha ba."

"Masha Allah! Jaruma ke nan."

Inno ta dube shi. "Namiji dai," in ji ta, ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Suna komawa gida ya kwantar da Inno, ya hana ta ko zagayawa ba da mai riƙo ba. Ta yi faɗa har ta gaji. Ita da ta tashi a ƙauyen Kaikai cikin shanu, da nono aka yaye ta, ta yi noma ta yi daka, yau ita za a ɗaure a gado saboda ɗan kumburi? Ya ce hoto ba ya ƙarya.

Ƙarama kuwa ya ce mata tsamin jiki ne. Ya shafa mata man zafi, ya ɗaure ƙwaurin da bandeji, ya ƙara mata zagaye biyu a gudunta na kullum. Ranar Laraba ta gama gudu ta tsuguna ta riƙe ƙafar, hawaye na zuba.

"Baba, kamar ana soka mani allura a ciki."

"Gobe kaɗai, Ƙarama. Ki daure mani gobe kaɗai. Ba ni da abin kai ki jami'a sai ƙafar nan."

Ta share ido ta ce to.

Da safiyar Alhamis ya sa ta a motar makaranta. Ransa na can Katsina, amma uwa uwa ce, ya tasa Inno zuwa Kankiya. Ƙarfe goma za a tashi tseren. Tara da rabi suna layi, yana ta duban agogon wuyansa.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta manna hoton mai tsaga a jikin fitila, fuskarta ta sauya. Ta matsa ƙwaurin Inno daga sama har ƙasa, Inno ko gezau.

"Malam, wannan ƙashin ya zaizaye. In jinin wata ya ɗauke wa mace ya daɗe, ga ƙarancin abinci, ga wahala, haka ƙashi ke yi. Wannan tsagar kuma, gudu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya raba shi biyu."

Bishir ya yi 'yar dariyar yaƙe. "Ai Inno ba inda za ta gudu, likita."

"Yaushe rabonta da fashin salla?"

Ya sunkuyar da kai. Wace irin tambaya ce wannan a gaban ɗa? Bai kai ga buɗe baki ba Inno ta dafe ƙirji ta yi salati.

"Wata goma sha ɗaya," in ji ta. "Ina ƙirgawa."

Ya juya ya kalli uwarsa, tsohuwa mai shekara saba'in, bai gane ba. Likita ta miƙa hannu ta karɓi ɗaya hoton, mai fari tas, ta manna shi kusa da na farko. Agogon bango ya nuna goma daidai.

"Wannan lafiyayyen shi ne na Hajiya," in ji ta, ta ɗora biro a kusurwar mai tsagar, inda aka rubuta shekaru da ƙananan lambobi. "Ina Saudatu mai shekara goma sha bakwai take yanzu?"