Ranar da Aka Kashe Khala Surayya

Hajiya Mastura ta jefi talabijin da ƙwallon dabino. Bai samu Khala Surayya ba, ya bugi bango ya faɗo cikin kwanon shorba.

Khala Surayya tsohuwa ce a wani shirin barkwanci da wata ƙaramar tasha ke sakawa da azumi, rabi Hausa rabi Larabci. Ba ta cire niƙabi ko a kicin ɗinta. Aikinta kawai ta faɗa gidan maƙwabta ba sallama, ta buɗe tukunya ta ce gishiri ya yi yawa, ta ɗaga kafet ta duba ƙura, sannan ta fita ta shaida wa duniya cewa matar gidan ƙazama ce. Hausawan Jidda na ta shan dariya. Mastura kuwa ba ta ga abin dariya ba.

"Wannan aib ne, abin kunya," in ji ta. "A ina aka taɓa ganin dattijuwa mai irin wannan hali?" Ta faɗi haka ne a kicin ɗin maƙwabciyarta Latifatu, murfin tukunyar Latifatu na hannunta.

Ba wai ba ta da abin damuwa na gaske ba. Tun da aka rushe unguwarsu ta Karantina, ɗanta Hamad ya kama mata gida a unguwar Safa, suke zaune su biyu. A Jidda aka haife ta, a nan aka binne uwarta, amma iƙamarta, wato takardar izinin zama, a rataye take da ta Hamad, tasa kuma tana hannun kafilinsa, Meshari, mai kamfanin da yake wa aiki. Bayan sallah za ta ƙare. Duk lokacin da Hamad ya yi zancen sabuntawa, sai Meshari ya ce a bari a ga yadda azumin zai kaya. In bai sabunta ba, sai Kano, garin da Mastura ba ta taɓa gani ba sai a fim. Abin na ba ta tsoro ƙwarai, har ba ta son a tayar da zancen.

Wane irin aiki Hamad ke yi? Na ofis ne, haka ya ce mata. Matar da ta san abin da kowane gida a benen ya dafa ba ta ƙara tambaya ba. Yakan dawo murya a dishe, baya a ƙage, ta shafa masa man zafi tana zagin na'urar sanyaya ɗaki.

Sai ta juye duk fargabarta a kan Khala Surayya. Akwai zauren WhatsApp na tsofaffin matan Karantina, waɗanda rusau ya watsa unguwa-unguwa. Nan Mastura ta kafa mumbari. Kullum bayan shan ruwa sai ta saki saƙon murya mai tsawon huɗuba. Ta tsine wa Surayya, ta tsine wa wadda ke fitowa a matsayinta, ta haɗa da uwar da ta haife ta ta kasa yi mata tarbiyya. Mata suka yi ta turo amin, ciki har da waɗanda ba sa bari ko kashi ɗaya na shirin ya wuce su.

Buƙatarsu ɗaya ce: a kashe ta a cikin shirin. Da masu shirin suka yi kunnen ƙashi, Mastura ta ja tawaga zuwa unguwar Sharafiyya, shagon mai turaren da ke ba shirin talla. Ta sanar da shi cewa ba macen da za ta ƙara sayen turaren wutarsa muddin tsohuwar na numfashi. Ana dab da sallah ne, lokacin cinikinsa. Tun ba su fita ba ya ɗauki waya ya kira masu shirin.

"Ummi, halas mana, ya isa haka," Hamad ya ce mata da ya ji labari. "Wasa ne fa. Wani da shi yake cin abinci."

"Uwarka ce, da kake kare ta?"

Ya shige ɗaki bai taɓa sambusar da ta ajiye masa ba.

Ranar sallah bayan la'asar aka saka kashi na ƙarshe. Falon Mastura ya cika da mata, ga gahawa ga alawa. Khala Surayya ta buɗe tukunyar maƙwabta, ta tsamo nama ta cusa ƙarƙashin niƙabi, ya shaƙe ta, ta faɗi ta shura sau biyu. Guɗa ta tashi har ana ji a bene na ƙasa. Latifatu ta goge hawaye a ɓoye, don ita dai tana son tsohuwar. Mastura ta ɗaga hannu sama ta ce, yadda Allah ya raba su da wannan annoba, ya daidaita musu iƙamar Hamad.

Ba ta shafa addu'ar ba sai ga shi ya shigo, fuskarsa ba annuri. Bai gaida kowa ba. Ya ce Meshari ya kira shi: aiki ya ƙare, kuma ba zai sabunta ba.

Mastura ta zube kan kujera.

"Me ka yi masa, ya waladi? Wane maƙiyi ne ya shiga tsakaninku? Faɗa mini sunansa, wallahi har gida zan same shi!"

Hamad ya dube ta, ya dubi matan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ranƙwafa baya, ya karkata kai, ya dogara hannu a ƙugu.

"Mabruk, ya Ummi," in ji muryar Khala Surayya daga bakinsa. "Kin kashe ni."