Sarƙar Lefen Raliya

Tun da Bilyaminu ya iso daga Kebbe bai ɗago kai ba. Raliya na gefen tabarma tana haɗa sarƙoƙin da take sayarwa a Tambuwal.

"Jibi za a kawo lefenki," ya ce da ƙyar. "Ban samu halin zinari ba. Ko za ki haɗa mani taki mai ruwan gwal, a sa a akwati? Kada gwaggonninki su yi mani dariya."

Ta daɗe tana kallon zufar goshinsa.

"Suna gani za su gane aikina ne."

Ya miƙe yana laluben takalmi.

"Zauna, Malam," ta ce a hankali. "Zinarin da ke wuyansu duk ni na yi shi. Wace ce za ta fara magana?"