Ƙamshin Ruwan Shuka

Geron da na shuka ya tsiro, rana ta ƙone shi cikin kwana tara. Shi ke nan irin da farin bara ya bar mana a rumbu.

Ran da aka yi yayyafin da ya sa na yi wannan shukar, Baba na bisa buzunsa yana tasbihi. Ya ja iska a hankali, ya sake ta. "Wanga ruwa ba mai zama ba ne. Dakata."

"Kai dai yi ta shaƙar iska," na ce, a gaban ƙannena. "Ni za ni gona."

Tun da geron ya ƙone ban iya haɗa ido da shi ba.

Bayan mako uku hadari ya haɗo. Baba ya kira ni. "Zauna. Ja numfashi, ban da gaggawa. Mi ka ji?"

Na rufe ido. Na ji sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa.

Da na faɗa masa, ya yi hamdala, ya naɗe buzun. Ashe tulu ne binne a ƙarƙashinsa, cike da iri.

"Yanzu ɗauko sungumin shuka. Ni ba ni da ƙarfinka."